Zaburar da Wayar Salula: Abin da Ake Samu da Abin da Ake Biya

A shekarar 2008 ne kamfanin HTC na ƙasar Taiwan ya fito da wayar farko mai aiki da manhajar Android, wadda aka sa wa suna HTC Dream. Ƙwaƙwalwarta, wato firosesa, tana bugawa sau miliyan 528 a daƙiƙa ɗaya, ma'adanarta ta wucin gadi kuwa, wadda ake kira RAM, megabait 192 ce kacal. A yau ƙaramar waya mai RAM gigabait 2 ta ninka wannan fiye da sau goma, amma kuka bai sake ba: waya tana nauyi, tana ɗaukar zafi, tana rufe manhaja ba tare da an ce ta rufe ba. Mai hali yakan sayi sabuwa. Akwai kuma wasu, galibinsu matasa masu son bin diddigi, waɗanda kan buɗe cikin manhajar wayar su canza abin da ake kira kanel, da fatan tsohuwar jaka za ta yi sukuwar doki.

Kalmar kanel a asalinta tana nufin ƙwayar da ke cikin ɓawo, kamar ta gyaɗa. A waya, kanel shi ne ɓangaren manhaja da ke tsakanin kayan ƙarfe da sauran manhajojin da mutum ke gani a allo. Shi ke raba lokacin firosesa tsakanin ayyuka, shi ke ba kowace manhaja rabonta na RAM, shi ke sauraron na'urorin auna zafi, shi kuma ke yanke hukuncin lokacin da waya za ta yi barci. Ɗalibin ilmin halittu zai iya kwatanta shi da sassan ƙwaƙwalwa masu kula da numfashi da bugun zuciya da zafin jiki, waɗanda ke aiki dare da rana ba tare da mai jikin ya sani ba.

Kanel ɗin Android daga Linux aka samo shi, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan. Tun 1992 Linux yake ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya wajabta wa duk wanda ya gyara shi, in har ya rarraba wa jama'a, ya ba da rubutun asalin gyaran. Wannan sharaɗi ne ya buɗe ƙofa. Kamfanin waya yakan saki rubutun kanel ɗinsa, sai wani mai sha'awa ya ɗauka, ya sauya wasu lambobi, ya harhaɗa nasa. Daga irin wannan aiki ne CyanogenMod ta taso a 2009, da ta tsaya a ƙarshen 2016 kuma LineageOS ta gaje ta. Abubuwa biyu ne masu gyaran suka fi taɓawa: gudun firosesa da yadda ake matse RAM. A ido kamar abu ɗaya ne, tunda duka neman sauri ake yi, amma sakamakonsu ya sha bamban.

Gudun agogo da kuɗinsa

Firosesa yana aiki ne da bugu, kamar zuciya, kuma ba ya tsayawa a kan gudu ɗaya. Idan waya tana aljihu, kanel yakan sauke gudun zuwa 'yan ɗaruruwan megahaz. Da an taɓa allo sai ya ɗaga shi zuwa gigahaz 2 ko fiye. Ɓangaren da ke wannan hawa da sauka ana kiransa gwamna, kuma iri-iri ne: akwai mai riƙe gudu a ƙoli kullum, akwai mai riƙe shi a ƙasa, akwai kuma irin schedutil, wanda ya shiga Linux a 2016, mai duban nauyin aiki kafin ya yanke shawara. Zaburarwa ita ce a ƙara wa jadawalin wasu matakai sama da inda kamfani ya tsaya.

Matsalar tana cikin lissafi ne. Kafin transistoci su iya buɗewa da rufewa da sauri ba tare da kuskure ba, sai an ƙara musu ƙarfin turin lantarki, wato boltej. Wutar da suke ci wajen wannan aiki kuwa tana tafiya ne da gudu sau boltej sau boltej. Alal misali, in an ƙara gudu da kashi 10 cikin ɗari, aka kuma ƙara boltej da kashi 10, sai a lissafa 1.1 sau 1.1 sau 1.1, a sami 1.33. Ma'ana, an sayi ƙarin saurin kashi 10 da ƙarin wutar kashi 33, kuma kusan dukkan wannan wuta zafi take komawa.

Kwamfutar tebur tana da fanka. Ɗan Adam yana da gumi. Waya ba ta da ko ɗaya, sai dai jikinta ya miƙa zafin ga iska ko ga tafin hannun mai ita. Saboda haka idan zafi ya kai wani mizani, kanel yakan rage gudu da kansa har abin ya lafa. A nan ne mai zaburarwa kan yaudari kansa. Gwajin minti ɗaya zai nuna masa lamba mai daɗi, amma bayan wasa ko ɗaukar bidiyo na ɗan lokaci, wayar da aka zabura ta riga ta kai mizanin zafi, ta sauko, wani lokaci ma ƙasa da inda 'yar'uwarta da ba a taɓa ba take tafiya a natse.

Zuciya ma haka take. Ta baligi mai hutawa takan buga sau 60 zuwa 100 a minti, tana tura kimanin lita 5 na jini. Idan bugun ya ƙaru, jinin da ake turawa yakan ƙaru, amma zuwa wani matsayi ne kawai; in saurin ya wuce kima, ɗakunan zuciya ba sa samun lokacin cika kafin su matse, sai jinin da ke fita ya ragu alhali zuciyar tana ƙara wahala.

Wasu masu gyaran, da suka ga kanel yana rage musu gudu, sai su ɗaga mizanin zafin ko su kashe shi ɗungurungum. Wannan shi ne mafi munin abin da ake yi a fagen. Likitoci sun daɗe da gano cewa yawancin lalacewar yatsun masu cutar kuturta yana biyo bayan mutuwar jijiyoyin ji ne: mutum ya ƙone ko ya yanke bai sani ba, ciwon ya ruɓe. Wayar da aka kashe wa jin zafi ita ma ba za ta janye hannunta daga wuta ba, kuma wanda zai fara jin jiki shi ne batir. Batirin litiyam sinadarai ne, kuma ɗalibai sun san ƙa'idar nan ta cewa yawancin haɗuwar sinadarai takan ninka sauri, ko kusa da haka, in zafi ya ƙaru da digiri 10. Haɗuwar da ke tsofar da batir ba ta fita daga wannan hali ba. Kamfanin Apple, alal misali, ya ce an tsara iPhone ne don aiki a yanayin digiri 0 zuwa 35. A Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inda zafin watan Afrilu kan haura 40, waya ta riga ta wuce wannan iyaka tun kafin a kunna ta. Lambobin da suka yi wa wani daidai a ɗaki mai sanyi a Turai ba lalle su yi wa mai zaune a rumfar kwano ba.

Akwai kishiyar zaburarwa, wato rage boltej a bar gudu yadda yake, kuma wannan ya fi hankali domin yana rage zafi. Sai dai firosesa biyu da suka fito daga masana'anta ɗaya ba sa zama daidai, kamar yadda 'ya'yan ciki ɗaya kan bambanta; abin da ɗaya ya jure, ɗayan sai ya daskare ko ya mutu ya tashi. Shi ya sa kamfani ke barin rara. A Disambar 2017 Apple ya amsa cewa yana rage gudun wasu iPhone masu tsohon batir don kada su riƙa mutuwa farat ɗaya idan batirin ya kasa ba da wutar da ake nema. A 2020 hukumomin Faransa suka ci shi tarar Yuro miliyan 25, saboda bai sanar da masu wayoyin ba.

Matse ma'adana

RAM kamar tabarmar mai sana'a ce: abin da ake aiki da shi yanzu a kanta yake. In ta cika, Android yakan kashe manhajar da aka daɗe ba a taɓa ba, shi ya sa mutum kan koma ga shafin da yake karantawa ya tarar ya fara daga farko. A kwamfuta, akan kwashe rarar zuwa faifan ajiya. A waya wannan hanya tana da illa biyu: ma'adanar dindindin ba ta kai RAM sauri ba ko kusa, kuma yawan rubutu yana cinye ta.

Dabarar zram ita ce a matse rarar a bar ta cikin RAM ɗin kanta. Nitin Gupta ne ya fara aikin da sunan compcache; Android 4.4 na 2013, wanda aka tsara don ya iya tafiya a waya mai megabait 512, ya zo da goyon bayanta, sannan ta zama cikakken ɓangaren Linux a 2014. Kanel yana raba RAM zuwa shafuka, galibi kilobait 4 kowanne, kuma da yawansu cike suke da maimaici. A maimakon a rubuta sifili sau dubu, sai a rubuta "sifili, sau 1000". Ta haka shafuka kan koma rabi ko sulusin girmansu. A ɗauka waya tana da gigabait 3, aka matse gigabait 1.5 ya koma 0.5: saura 2.5 a sake, ga kuma 1.5 a matse, jimla 4.

Halitta ta riga injiniyoyi sanin wannan. Zaren DNA da ke cikin ƙwayar halitta ɗaya ta jikin mutum ya kai kimanin mita 2 in an miƙe shi, amma an naɗe shi cikin cibiyar da ba a gani sai da madubin ƙara girma. Sashen da ba a bukata a naɗe yake tam. Wanda za a karanta kuwa sai an kwance shi, kuma kwancewar tana cin kuzari. Haka zram: duk shafin da aka nema sai firosesa ya warware shi tukuna. Hanyar matsi ta LZ4 tana da sauri amma ba ta matsewa sosai, zstd ta fi matsewa amma ta fi cin lokaci. Akwai kuma wata lamba, swappiness, mai nuna yadda kanel ke saurin tura shafuka wurin matsi. A Linux an saba barin ta a 60, iyakarta 100 ce har zuwa 2020 da aka ɗaga ta zuwa 200.

Cinikin nan ya fi na zaburarwa riba, domin warware shafi ya fi sake tayar da manhaja daga tushe sauƙi nesa ba kusa ba. Amma shi ma yana da iyaka. Abin da aka riga aka matse, kamar fayil ɗin hoto ko na bidiyo, ba ya ƙara matsuwa. In kuma aka faɗaɗa zram fiye da kima, sai kanel ya ƙi kashe komai, ya shiga matsewa da warwarewa ba hutu, wayar ta yi ta tsaitsayawa tana zafi. Mai sayen waya ma ya kula: idan ya ga an rubuta RAM "8+8" a kwali, takwas ta farko ce kaɗai ta ƙarfe; ta biyun dabara ce ta manhaja, ko matsi ko aro daga ma'adanar dindindin.

Kafin a sa sabon kanel sai an buɗe makullin manhajar da ke tayar da waya, kuma buɗewar tana goge duk abin da ke ciki. A wayoyin Samsung masu tsarin Knox, sa manhajar da ba ta kamfani ba yana ƙona wani ɗan fis na cikin gida wanda ba ya gyaruwa. Huawei ya daina ba da lambar buɗewa tun 2018. Manhajojin banki da yawa sukan ƙi aiki a wayar da aka buɗe, kuma suna da hujja: kanel yana iya ganin duk abin da ya ratsa waya, har lambar sirri, ga shi kuwa wanda ya harhaɗa shi baƙo ne da ba a san fuskarsa ba. Tun daga Android 12 na 2021, Google ya wajabta wa sababbin wayoyi masu Linux 5.10 zuwa sama amfani da gangar kanel guda ɗaya ta bai-ɗaya, kamfanoni su liƙa nasu sassan a gefe, abin da ya sauƙaƙa toshe kafofin tsaro.

Malamin da ke son ɗalibansa su ga rage gudun nan da idonsu ba ya bukatar buɗe komai. A sami waya ɗaya da manhajar gwajin sauri, a yi gwajin sau 10 a jere da sanyin safiya, ana rubuta makin kowane zagaye a allo. A bar wayar ta huce, a maimaita da azahar a cikin inuwar aji, ba a rana ba, kuma ba a kan caji ba. Sai ɗalibai su zana layuka biyu a takardar giraf, su nemo zagayen da kowane layi ya fara gangarowa.