Yadda kachalla da rikicin ruwa suka zaunar da 'yan adawa kan tabarma ɗaya a kwarin Haɗeja da Nguru

Duk wanda ya bi hanyar Haɗeja zuwa Nguru zai ga wata doguwar ciyawa da ta mamaye fadamu hagu da dama, tsayinta ya zarce na mutum. Mutanen yankin na kiranta kachalla. Baƙo kan ɗauke ta a matsayin ado na bakin ruwa, amma ga manomin Guri, masuncin Nguru da makiyayin Kirikasamma, ita ce ta cinye gona, ta toshe hanyar kwalekwale, ta kuma rufe mashayar shanu. Labarin wannan ciyawa ya cancanci a tsaya a kansa, domin yana cikin 'yan wuraren da aka ga mutanen da siyasa ta raba sun koma aiki tare saboda abincinsu na cikin haɗari.

Sai an san yadda ruwan ke tafiya kafin a gane rigimar. Kogin Kano da na Chalawa su ne ke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja. Kogin Jama'are kuma daga tsaunukan Jos yake gangarowa ya ratsa Jihar Bauchi. Su biyun sukan bazu a shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ke tsakanin Haɗeja, Nguru da Gashuwa, sannan abin da ya rage ya tattaru ya zama Komadugu Yobe, wanda ke wucewa ta Gaidam, ya bi iyakar Najeriya da Nijar ta yankin Diffa, ya ƙare a Tafkin Chadi. A da, ruwa kan cika fadamun da damina ya janye da rani. A kan wannan cika da janyewa rayuwar jama'a ta ginu: a shuka shinkafa idan ruwa ya zo, a kama kifi yana janyewa, a yi noman rani a danshin da ya bari, daga baya makiyaya su shigo da dabbobinsu.

Aka gina Madatsar Ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka kuma kammala ta Chalawa da ke Ƙaraye a 1992. Babu mai musun amfaninsu. Da ruwan Tiga ake noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure, birnin Kano kuma ya dogara da kogunan nan wajen ruwan sha. Sai dai madatsun sun sauya halin kogin. Ambaliyar damina mai ƙarfi, wadda ke wanke hanyoyin ruwa, ta ragu, yayin da ruwan da ake saki da rani ya sa wuraren da suka saba bushewa suka zauna cikin ruwa shekara gaba ɗaya. Irin yanayin da kachalla ke so ke nan, wato ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa. Inda ta yi kauri sai ta rage gudun ruwa, yashi da laka su taru, hanya ta cushe. Ta haka ruwan Haɗeja ya riƙa karkata zuwa mashigar Marma da ke kai wa Tafkin Nguru, wasu tsofaffin hanyoyin kuma suka mutu.

Sakamakon ya zo da ban mamaki. A wani ƙauye ruwa ya cinye gonaki da gidaje, a wani kuma da ke gaba kaɗan ana kukan fari. Tsuntsayen jan baki suka samu mafaka a cikin kachalla, suna fitowa dubbai su afka wa shinkafa da gero. Da kowa ya ga abin ya ishe shi, sai ya ɗauki matakin da ya ga dama: wasu su jera buhunan yashi su tare ruwa, wasu su fasa gaɓar kogi su ja shi zuwa gonakinsu. Duk wanda ya yi haka ya tura wa maƙwabcinsa matsala. Filin noma da na kiwo suka ƙuntata, rikicin manoma da makiyaya ya ƙaru.

Ga kuma siyasa. A watan Agustan 1991 aka cire Jigawa daga Kano, aka cire Yobe daga Borno. Kogin da a da gwamnatoci kaɗan ke magana a kansa ya koma ratsa jihohi shida, kowace da majalisarta da kasafinta da masu zaɓenta. Na ƙasa suna zargin na sama da riƙe ruwa, na sama suna ganin ruwansu ne tunda a ƙasarsu aka tare shi. Da mulkin farar hula ya dawo a 1999, bambancin jam'iyya ya hau kan wannan tsohon zargi. A ƙauye ma haka abin yake, domin wanda ya fito da shawarar gyaran hanyar ruwa sai a fara tambayar jam'iyyarsa kafin a saurari maganarsa.

Abin da ya fara sassauta lamarin shi ne samar da bayanin da kowa zai iya yarda da shi. Tun 1987 aka fara wani shirin kula da fadamun Haɗeja da Nguru, wanda ƙungiyar IUCN ke cikin masu tallafa masa, aka riƙa auna faɗin ƙasar da ruwa ke rufewa kowace shekara. A farkon shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka lissafa abin da fadamun ke samarwa na amfanin gona da kifi da itacen girki, suka nuna cewa idan aka kwatanta da yawan ruwan da ake amfani da shi, ribar fadamun ta fi ta babban aikin noman rani na Kano. Wannan ya ba mutanen ƙasa hujjar da ta wuce ƙorafi. A shekarar 2000 aka sanya Tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar.

Sai dai lissafi ba ya cire ciyawa. A farkon shekarun 2000 wani shiri da hukumar raya ƙasashe ta Birtaniya, DFID, ta ɗauki nauyinsa ya riƙa tara manoma, masunta, makiyaya, masu sarauta da ma'aikatan gwamnati wuri guda, domin kowa ya ga yadda abin da yake yi a nasa yankin ke shafar na gaba da shi. Daga irin waɗannan tarurruka ƙauyuka suka fara fita aikin gayya, suna shiga ruwa da adduna da lauje suna sare kachalla, suna kwashe laka daga hanyoyin da suka toshe. Gayya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa da ta Bade. Sabon abu shi ne faɗinta, domin buɗe hanyar ruwa mai tsawon kilomitoci ba ya yiwuwa sai duk ƙauyukan da ke bakinta sun fito. Idan ƙauye ɗaya a tsakiya ya ƙi, wahalar sauran ta tashi a banza.

A nan ne, a ganina, asirin al'amarin yake. Rijiyar burtsatse ko buhun taki ana iya ba ɗan jam'iyya a hana ɗan adawa. Hanyar ruwa kuwa ba ta rabuwa haka. Idan ta buɗe, gonar wanda ya zaɓi gwamna da ta wanda ya zage shi duk za su sha; idan ta toshe, duk za su nutse. Mutumin da ba zai halarci taron sulhu ba zai zo aikin da ya san shinkafarsa ta dogara da shi, kuma wanda kuka kwana biyu cikin laka tare da shi, da wuya ka yarda idan aka ce maka maƙiyinka ne. Ba a nemi kowa ya bar jam'iyyarsa ba, an dai ajiye ta a bakin gaɓa.

Motsin ya kai har sama. A 2006 aka yi taron ƙoli a Damaturu, inda jihohin Bauchi, Borno, Jigawa, Kano, Filato da Yobe, tare da Gwamnatin Tarayya, suka amince da tsarin kula da kwarin baki ɗaya, suka kuma kafa asusun amana na kogunan Haɗeja, Jama'are da Komadugu Yobe, mai hedikwata a Damaturu. A duba yanayin lokacin: Shugaba Olusegun Obasanjo da Gwamna Ahmadu Adamu Mu'azu na Bauchi 'yan PDP ne, Malam Ibrahim Shekarau na Kano, Bukar Abba Ibrahim na Yobe da Ali Modu Sheriff na Borno kuma 'yan ANPP, ga zaɓen 2007 ya ƙarato. Cewa suka sa hannu kan takarda ɗaya a irin wannan lokaci ba ƙaramin abu ba ne.

Kada kuma a ɗauka an gama. Kachalla tana sake tofowa daga saiwarta, don haka wurin da aka share bana yana iya rufewa baɗi idan ba a sake komawa ba. Aikin hannu yana da iyaka, manyan hanyoyi sai da injinan haƙa masu shiga ruwa, su kuwa kuɗin gwamnati suke buƙata. Da zarar kuɗi da kwangila sun shigo, tambayar wa za a ba da kuma garin wa za a fara yi wa sai ta dawo, siyasar da aka ajiye ta sake leƙowa. Tushen matsalar ma yana can sama, a yadda ake sakin ruwa daga Tiga da Chalawa, kuma wannan yana hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta tarayya, wadda ƙauyuka ba su da iko a kanta. Ambaliyar 2022, wadda ta yi mummunar ɓarna a Jigawa, ta nuna yawan aikin da ya rage.

Akwai kuma batun Madatsar Kafin Zaki da aka daɗe ana shirin ginawa a kan Kogin Jama'are. Bauchi na kallonta a matsayin hanyar bunƙasa noman rani, mutanen Yobe da Borno kuma na tsoron za ta yi wa Jama'are abin da Tiga ta yi wa Haɗeja, alhali Jama'are ne ke kawo mafi yawan ruwan da ke isa Gashuwa. Manoman tattasai na Diffa, a can Nijar, su ma da wannan ruwan suke ban-ruwa. Gwamnatoci da jam'iyyu sun sauya sau da dama tun da aka fara wannan muhawara, kuma har yanzu ba a kammala madatsar ba.