Me ya sa masu gina shafin intanet suka bar tebur suka koma CSS?

A shekarun 1990, mai gina shafinsa na intanet yakan yanka fuskar shafin gida-gida da tebur, irin wanda ake jera lissafi a ciki: hoto a wannan gida, rubutu a wancan, wani tebur a cikin wani. A babbar kwamfuta abin yana kyau. A ƙaramar wayar da ta zo daga baya kuwa, sai ka yi ta jan shafin hagu da dama da yatsa kafin ka gama layi ɗaya.

CSS, wanda Håkon Wium Lie ya gabatar a 1994, ƙungiyar W3C kuma ta amince da shi a Disambar 1996, ya raba rubutu da ado. Launi, girman haruffa da mazaunin kowane abu suna cikin fayil guda. Ka gyara shi, duk shafukan su canza tare. Waya takan sauke shi sau ɗaya ta ajiye.

Nan ne abin ya fi taɓa ni. Mai buɗe shafinka a Birnin Gwari, ko a ƙauyukan bakin dajin Kamuku inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, datarsa ƙidayayya ce. Da CSS za ka iya umartar shafin ya jeru a tsaye idan fuskar waya ƙarama ce, mai buɗe shi ya karanta da babban yatsa kawai.