Kyamarar da hoto takwas ke cika ta

Yau matashi kan ɗauki hoto ashirin kafin ya zaɓi guda. Masu Apple QuickTake 100, wadda ta fito a 1994 a kan dala 749, ba su samu wannan gatan ba. Hoto takwas kacal take ɗauka a girman 640x480. Ba ta da allon dubawa, ko da ido a rufe mutum ya fito, sai an jona ta da kwamfutar Macintosh ake ganewa.

Abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya shi ne gogewa: ba a share hoto ɗaya, maɓallin duka yake kwashewa. In ta cika ana tsakiyar biki, kwamfuta kuwa tana gida, ko mai ita ya haƙura, ko ya zubar da takwas ɗin farko.