Yadda masana ke liƙa sukari a jikin zinare domin gano dafin kwalara

Kowace ƙwayar halitta a jikin ɗan Adam a lulluɓe take da nau'o'in sukari. Ba sukarin shayi ake nufi ba, danginsa ne, kuma su ne suka bambanta rukunin jini na A da B da O. Ta nan ne kuma cututtuka da dama ke samun mashiga: dafin kwalara sai ya kama wani sukari da ke bangon hanji kafin ya haddasa amai da gudawa.

Abin da ya daɗe yana wahalar da masana shi ne raunin wannan kamu. Sukari guda da furotin guda da zarar sun haɗu sai su rabu, har auna haɗuwar tasu ya yi wuya. Ƙarfin yana zuwa ne daga yawa, kamar yadda ƙarangiya ke maƙale wa tufafi da ƙananan ƙayoyi masu yawa. Dafin kwalara kansa hannuwa biyar gare shi.

A shekarar 2001, tawagar Soledad Penadés a birnin Sebiliya na ƙasar Sifaniya ta kwaikwayi wannan tsari. Sun sanya wa sukari wata 'yar jela mai ɗauke da sinadarin farar wuta, wanda ke riƙe zinare gam, sannan suka jera sukarin da yawa a jikin ɓarɓashin zinaren da ido ba ya gani. Da haka kowane ɗigon zinare ya zama tamkar ƙwayar halitta ta wucin gadi.

Zinare na da wata baiwa kuma. Idan ɓarɓashinsa na warwatse a ruwa, ruwan ja ne. Idan ya dunƙule, sai launin ya rikiɗe zuwa shuni. Shi ne ma ke fitar da jan layin nan a galibin 'yan na'urorin gwajin zazzaɓin cizon sauro da ake amfani da su a asibitocinmu. To, furotin mai hannuwa da yawa kan kama sukarin wannan ɗigo da na wancan, ya tattaro su wuri guda, launi ya sauya a gaban mai kallo.

A 2007, masana a Jami'ar East Anglia ta Ingila sun liƙa sukarin madara a jikin zinare mai faɗin nanomita 16 (nanomita ɗaya shi ne milimita da aka raba gida miliyan), suka gano dafin kwalara cikin minti goma. Ga ƙasa irin Nijeriya, inda cutar ke ɓarkewa kusan kowace damina, wannan ba ƙaramin albishir ba ne.

Sai dai da sauran aiki. Gishiri mai yawa kaɗai na iya dunƙule zinaren, haka nan wani furotin daban mai son sukarin madara na iya yaudarar gwajin, shi ya sa akasarin aikin bai fita daga ɗakin bincike ba tukuna.