Matsalar Laluben Baƙaƙe Masu Ƙugiya a Cikin Fayilolin Kwamfuta

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce jawo hankalin manazarta ga wani tarko da ke cikin amfani da layin umarni wajen laluben kalmomin Hausa. A ɗauka wani mai bincike ya naɗo hirar Hausawa masu sayar da barkono da albasa a Kasuwar Ose Okwodu ta Anaca, a bakin Kogin Kwara, ya sa an rubuta ta cikin fayiloli, yana son sanin ko zama cikin Ibo ya raunana furucin /ƙ/ da /ɗ/ a bakin 'ya'yansu. Abin da zai fara dogara da shi shi ne grep, manhajar da Ken Thompson ya ƙirƙira a Amurka a farkon shekarun 1970.

2.0 Lamba Ake Nema, Ba Siffa Ba

Kwamfuta ba ta ganin ƙugiya. Lamba take kwatantawa. A tsarin Unicode, ɓ ita ce U+0253, ɗ U+0257, ƙ kuwa U+0199, kuma a UTF-8, wanda aka tsara a 1992, kowacce bayit biyu ce. Umarnin

grep -rn "ƙ" hira/

zai fito da duk layin da ke da ƙ, tare da sunan fayil da lambar layi. Amma fayilolin da aka buga kafin yaɗuwar Unicode sau da yawa sun ari gurbin wata alama ne suka ɗora wa ƙ, ido yana ganin ƙ, grep ba ya samun ta. Wani mai bugun kuma ya rubuta kasa a wurin ƙasa don allonsa ba shi da harafin. Manazarcin da ya ce furucin ya ɓace a Anaca bisa irin wannan sakamako, hannun mai bugu ya nazarta, ba harshen ɗan kasuwa ba.

Akwai wanda ya fi wannan ɓoyuwa. In an saita na'urar a kan LC_ALL=C, grep yakan ɗauki kowane bayit a matsayin harafi. Harafin ƙ shi ne C6 99, lanƙwasasshiyar hamza ta U+2019 kuwa E2 80 99. Saboda haka neman "[ɓɗƙ]" zai kamo har layin da ba shi da ƙugiya ko ɗaya, sai hamza kawai, lissafi ya kumbura ba tare da wani gargaɗi ba. Maganinsa shi ne saiti mai UTF-8, wanda kuma shi ne ke sa zaɓin -i ya haɗa ƙ da Ƙ.

3.0 Hamza

Ita ce ta fi wahalarwa. Layin umarni yana ɗaukar ta alamar buɗe zance, don haka wanda ya rubuta grep 'yan zai ga na'ura ta tsaya tana jiran rufewa. Sai an killace kalmar: grep "'yan". Ko a haka, siffa ɗaya aka kama cikin uku, wato U+0027, an bar U+2019 da U+02BC, ga kuma ƴ ta rubutun Nijar, wadda ke shigowa in mai bugun can ya yi karatu. Duka huɗun sukan shiga umarni ɗaya:

grep -rE "['’ʼ]y|ƴ" hira/

A lura kuma, zaɓin -c layuka yake ƙirgawa, ba kalmomi ba; layi mai ɗanɗano da ɗanye ɗaya ne a wurinsa, alhali ɗ uku ce a ciki. Mai son adadin baƙin sai ya yi amfani da -o ya miƙa sakamakon ga wc -l.