Daga Zariya zuwa Legas ko Abuja: Yadda sabon matuƙi zai nemi aiki a jiragen shata da na kamfanoni

Duk mazaunin Samaru ko Palladan ya saba da ƙugin ƙananan jiragen sama da ke zagaya sararin samaniyar Zariya da hantsi. Jiragen na Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Najeriya ne, wato NCAT, wadda aka kafa a shekarar 1964 da taimakon Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO. Daga wannan makaranta da ke kan hanyar Sakkwato, a tsakanin Sabon Gari da Samaru, matuƙa da dama suka fito, ciki har da Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci a Najeriya, wadda ta dawo ta shugabanci kwalejin a 2011.

Sai dai ranar da ɗalibi ya karɓi lasisinsa, ranar ce wata sabuwar gwagwarmaya ke farawa. Zariya gari ne na koyo, amma aikin yana wasu garuruwa. Iyaye da yawa, 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati, sun zuba tarin dukiya, wasu har da sayar da fili ko gida, suna zaton da zarar yaro ya gama sai aiki. Wanda bai fahimci yadda harkar take ba, zai iya ganin ɗansa zaune a gida shekara biyu, lasisi na cikin akwati.

Ina aikin yake?

Yawancin masu kammala karatu kamfanonin jigilar fasinja suke hange. Amma akwai wata ƙofa ta biyu: jiragen shata, waɗanda mutum ko kamfani ke ɗauka haya don tafiya ɗaya, da jiragen da manyan kamfanoni, bankuna, gwamnatocin jihohi da attajirai suka mallaka don zirga-zirgar kansu.

Legas ce cibiyar wannan harka, domin a filin jirgin Murtala Muhammed da ke Ikeja ne akasarin wuraren ajiye jiragen alfarma da gyara su suke. Abuja ke bi mata, saboda zirga-zirgar 'yan siyasa da manyan jami'ai a filin Nnamdi Azikiwe. A Fatakwal kuwa, jirage masu saukar ungulu ne ke da kasuwa, inda kamfanoni irin su Bristow da Caverton ke kai ma'aikatan mai zuwa rijiyoyin cikin teku. A Arewa, Kano ce mazaunin Max Air, wanda ya yi suna wajen jigilar alhazai, yayin da kamfanin Dornier ya daɗe yana aikin shata da gyaran jirage a Kaduna.

Ke nan kafin matashi ya ɗaure kayansa, ya fara tambayar kansa: wane irin jirgi na koya, kuma a wane gari ake tuƙa irinsa? Wanda ya koyi jirgi mai fukafukai ba zai samu aikin mai saukar ungulu ba sai ya koma aji, domin lasisin kowanne daban ne.

Gibin da ke tsakanin awa 200 da awa 1,500

A ƙa'idar ICAO, ana ba da lasisin tuƙin kasuwanci ne bayan awa 200 a sama, ko ƙasa da haka kaɗan ga wanda ya bi tsararren kwas na makarantar da aka amince da ita. Babban lasisin da ke bai wa mutum damar zama kyaftin a manyan jirage kuwa yana buƙatar awa 1,500. A cikin wannan gibi ne mafi yawan sababbin matuƙa ke maƙalewa.

A jiragen alfarma matsalar ta fi tsanani. Kamfanonin inshora kan gindaya sharaɗin yawan awoyin da matuƙi zai mallaka kafin su amince su rufe jirgi, shi ma mai jirgi ba ya son ya miƙa ransa da na iyalinsa ga sabon hannu. Saboda haka ƙofar da ke buɗe wa mai awa 200 ita ce kujerar mataimakin matuƙi, ita ma ba kullum ba.

Sai kuma batun shaidar ƙwarewa a kan samfurin jirgi. A Zariya ɗalibi kan koyi tuƙi da ƙananan jirage irin su Tampico da Diamond. Amma wanda zai hau Challenger, Gulfstream, Hawker ko Legacy, dole ya yi horo na musamman a kan wannan samfurin, galibi cikin na'urar kwaikwayon tuƙi da ke ƙasashen waje, kuma da dala ake biya. Kuskuren da wasu iyaye ke yi shi ne biyan kuɗin wannan horo kafin a samu alƙawarin aiki. Idan aka saya wa yaro shaidar samfurin da babu mai neman matuƙinsa, an yi asara sau biyu, domin shaidar kan buƙaci sabuntawa, sabuntawar kuma kuɗi ce.

Abin da za a shirya kafin barin Zariya

Na farko, takardu. Lasisin da Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, NCAA, ta bayar ya kasance da rai, haka nan takardar lafiya mai daraja ta ɗaya, wadda akan sabunta duk shekara, da shaidar iya Turancin jirgin sama a mataki na 4 ko sama da haka, da izinin tuƙi da na'urori a lokacin da ba a ganin gaba. Duk wanda ya sha hazon hunturu a Zariya ya san muhimmancin wannan na ƙarshe. A haɗa da fasfo mai sauran wa'adi, domin jirgin shata na iya kwana a Akara ko Jidda ba tare da dogon shiri ba.

Na biyu, littafin awoyi. Kowace awa ta kasance a rubuce, da sa hannun malami inda ake buƙata. Ƙarin gishiri a wannan littafi laifi ne da kan jawo ƙwace lasisi.

Na uku, malamai. Harkar jiragen alfarma ƙarama ce, kowa ya san kowa, kuma ba a cika tallata guraben aikinta a jarida ba. Sau da yawa babban matuƙin kamfani kan ɗaga waya ne ya tambayi tsohon abokinsa ko yana da yaro mai hankali. Shaidar da malamin Zariya zai bayar ta fi takarda goma nauyi, don haka a rabu da malamai cikin mutunci, a riƙa gaishe su.

Bayan an sauka a sabon gari

Matuƙin jirgin shata ba shi da jadawali irin na jirgin fasinja. Ana iya kiransa da tsakar dare. Don haka wurin zama na cikin sharuɗɗan aikin. A Legas, unguwannin Ikeja da Ajao Estate sun fi kusa da filin jirgi. A Abuja kuwa Lugbe na kan hanyar filin. Hayar gida a waɗannan wurare ba irin ta Samaru ba ce, saboda haka a tanadi kuɗin zama na watanni, ko a fara sauka wurin ɗan'uwa. Wanda Abuja yake nema ma yana iya ci gaba da zama a Zariya da farko, ya riƙa zuwa Kaduna ya hau jirgin ƙasa daga Rigasa idan an kira shi ganawa.

Kada a raina aikin ƙasa. Matashin da ya karɓi aiki a ofishin tsara tafiye-tafiyen jirage, ko wurin tarbar jiragen alfarma, kullum yana gaban idon kyaftin-kyaftin da masu ɗaukar aiki. Aikin koyarwa a makarantar tuƙi, ko a Zariya ko a Ilorin, shi ma hanya ce ta tara awoyi ana karɓar albashi. Shiga ƙungiyar matuƙa da injiniyoyin jiragen sama, NAAPE, na taimakawa wajen jin inda aka samu gurbi.

Tarkon da ya kamata a kauce wa

Jirgin da ke ɗaukar fasinja don kuɗi dole ya kasance ƙarƙashin takardar izinin kasuwanci ta NCAA. Wanda aka mallaka don amfanin kai kuwa izininsa daban ne, kuma bai halatta a yi haya da shi ba. A shekarar 2024 hukumar ta dakatar da izinin wasu masu jirage a daidai lokacin da Ministan Sufurin Jiragen Sama, Festus Keyamo, ya kafa kwamitin yaƙi da shatar ɓoye. Matuƙin da ya tuƙa irin wannan tafiya, lasisinsa yake sakawa cikin haɗari, kuma idan aka yi hatsari inshora na iya ƙin biya.

A kuma duba lambar da ke jikin jirgin. Mai rajistar Najeriya da 5N yake farawa. Da yawa daga jiragen attajiranmu rajistar ƙasashen waje gare su, irin su Amurka ko San Marino, kuma tuƙa su na buƙatar ƙasar da ta yi rajistar ta amince da lasisin matuƙin.

Idan kamfani ya ɗauki nauyin horo bisa sharaɗin a yi masa aiki na wasu shekaru, a kai yarjejeniyar wurin lauya kafin sa hannu. Duk wanda kuma ya ce a ba shi kuɗi ya samo gurbi, a yi nesa da shi.

Shawara ga iyaye ita ce: tun ranar da aka biya kuɗin rajista a Zariya, a ware wani abu na shekarar da za ta biyo bayan kammalawa, domin sabunta takardu, hayar ɗaki da zirga-zirgar neman aiki. Lasisi shi ne rabin tafiya. Ragowar rabin sai da haƙuri, da tanadi, da kyakkyawar shaidar mutane.