Feshin Maƙwabci Ba Ya Tsayawa a Gonarsa

Duk wanda ya ratsa fadama da rani ya ga wannan: yaro goye da tankin feshi, ba takalmi, ba abin rufe hanci, ya dama magani da hannu, ya share gumi da hannun nan. Galan ɗin da ya ƙare kuma a ɗauraye a zuba ruwan sha. Ka tambaye shi ma'auni, ya ce mai shago murfi biyu ya ce, shi ya ƙara ɗaya don ya fi kamawa.

Illar ba ta tsaya a jikin yaron ba. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan sinadarin dichlorvos da aka samu a ciki, irin wanda ke cikin fiya-fiya. Wanda ya zuba guba a buhunsa da wanda bai zuba ba, duk aka rufe musu kasuwa. Wake ɗaya ke ɓata gari, a nan kam har a zahiri.

Shi ya sa rage feshi ya fi ƙarfin manomi ɗaya. Dubi tsutsar da ke huda zangarniyar gero, wadda mutanen Maraɗi ke kira murzuna. Masu bincike na INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, da na Jami'ar Maraɗi sun yi shekaru suna yaƙar ta da wani ɗan mitsitsin ƙwaro, dangin zanzaro. Yana harbin tsutsar ta sandare, ya yi ƙwai a jikinta, 'ya'yansa su cinye ta. A 'yan ƙananan buhunan algarara ake kawo shi, a rataye a gonaki lokacin da gero ya fara fitar da kai, kamar buhu 15 ga ƙauye guda. To, ƙwaron nan bai san iyakar gona ba. Idan mutum ɗaya ya saya, kowa ya amfana a banza, gobe shi ma ba zai saya ba. Idan wani ya fesa magani a tsakiya, ya kashe wa jama'a mayaƙansu. Sai ƙungiyar manoma ce za ta yi karo-karo, ta sa rana, ta kuma ja kunnen mai tanki.

Haka batun taki. Binciken cibiyar ICRISAT da ke Sadore a Nijar ya nuna cikin murfin kwalbar lemo na NPK, kimanin giram 6, a kowane ramin shuka yana ɗaga amfanin gero, ba sai an watsa buhu-buhu ruwa ya kwashe ba. Amma ɗan kasuwa buhun kilo 50 yake son sayarwa. Shagon ƙungiya ne ke sayen buhun daga inda aka yarda da shi, ya ƙulla kilo-kilo daidai aljihun talaka. Sai a haɗa da takin gargajiya, a bar gawo ya girma a gona.

Ajiyar wake ma ba ta buƙatar guba. Buhun PICS, leda biyu a ciki da buhu a waje, idan an ɗaure kowanne dam, rashin iska ke kashe ƙwarin. Ƙungiya ta saro da yawa, farashin ya sauka.

Sai dai a yi hattara da ƙungiyar da ba ta da rai sai ranar rabon takin gwamnati. Irin waɗannan sun yi yawa, shugaban ne ma'aji, shi ne sakatare. Kafin ka biya kuɗin rajista, ka nemi ganin littafin shiga da fitar kuɗi, ka tambayi ranar da aka yi taro na ƙarshe, da wanda ke riƙe da makullin sito.